Tsikarin Jijiya da Motsa Jiki Wajen Magance Ciwon Faibiromayaljiya

Akwai wata cuta wadda mai ita kan yi fama da ciwon tsoka ko'ina a jikinsa, da kasala, da barcin da ba ya wartsakarwa, amma in an auna jininsa ko an ɗauki hoton ƙasusuwansa sai a tarar babu kome. Ita ce likitoci ke kira faibiromayaljiya, sunan da aka laƙaba mata a 1976. Ta fi kama mata, kuma da yake ba ta kumbura gaɓa kamar amosanin gaɓɓai, sau da yawa akan ɗauki mai ita raggo ne ko kuwa mai raki. Wannan zalunci ne, domin ciwon na gaske ne. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne, laka da ƙwaƙwalwa ne ke zuzuta saƙon zafi, har ɗan matsin da bai kai ya dami mai lafiya ba ya zama azaba.

A 2017 ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓɓai ta Turai ta fitar da shawarwarinta, kuma cikin dukkan hanyoyin da ta auna, motsa jiki kaɗai ta ba goyon baya mai ƙarfi, watau irin su tafiya a ƙasa, iyo da ƙarfafa tsoka. To, a nan gizo ke saƙa. Majinyaci in ya motsa ciwo ya tashi, in ya kwanta tsoka ta daɗa rauni, gobe motsin ya fi na yau wuya: gaba kura, baya sayaki.

Wannan ƙulli ne ake neman kwancewa da na'urar tsikarin jijiya, wadda ake kira TENS. 'Yar ƙarama ce mai aiki da batir, ana manna wayoyinta a kan fata, tana sakin lantarki mai rauni wanda ake ji kamar tafiyar kiyashi. Tushenta yana cikin ra'ayin da Melzack da Wall suka kawo a 1965, cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wanda saƙon taɓi ke iya rufewa ga saƙon zafi. Shi ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe kan murza wurin ya ji sauƙi.

A 2020 aka buga sakamakon wani bincike da masana na Jami'ar Iowa ta Amurka suka jagoranta a kan mata 301. An manna musu na'urar a bisan baya da ƙugu, sa'a 2 kowace rana, suna cikin harkokinsu, har mako 4. Waɗanda aka ba na'ura mai aiki sun sami ragin zafi da gajiya yayin motsi fiye da waɗanda aka ba ta jeka-na-yi-ka. Sai dai mako 4 kaɗan ne ga cutar da ke ɗaukar shekaru, kuma babu namiji ko ɗaya cikin waɗanda aka gwada.

Na'urar dai ba ta warkarwa, sauƙinta kuma yakan gushe bayan an kashe ta, don haka a lokacin motsi ya kamata a kunna ta. Motsin kansa da kaɗan ake fara shi, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, gama wuce gona da iri kan kwantar da majinyaci kwana da kwanaki. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji da mace mai juna biyu kuwa, ba su amfani da ita sai da iznin likita.