Mai Haɗa Sautin Mota: Sana'ar Kunne da Waya

Direban da ke lodi daga Malikanchi zuwa Ikara, da wanda ke ɗibar fasinja daga Makarfi ya ɓulla Tashar Yari ya hau babban titin Zariya zuwa Kano, da mai jigilar tumatir daga Hunkuyi, duk ba sa rabuwa da rediyo. Da ita ake jin labaran safe, da ita ake bin tafsiri idan azumi ya kama, ita ce kuma ke korar gyangyaɗi idan aka taso daga kasuwa bayan isha'i. Sai dai a yawancin motocin da ke bin waɗannan hanyoyi murya ta daɗe da shaƙewa. Ka ji ana magana, amma ka kasa tsintar abin da ake faɗa. Kana ƙara sauti sai ƙofa ta ɗauki ɓari, sifika ta shiga tsatsa, mai karanta labarai ya koma gunguni.

Akwai mutumin da maganin wannan matsala shi ne abincinsa. Wasu na kiransa mai gyaran rediyo, wasu mai haɗa sauti, amma galibi daga aikin rewaya ya taso, wato aikin wayoyin mota. Za ka same shi a gefen gareji ko kusa da tasha, a rumfar kwano, da benci guda da tsohon batir a ƙarƙashinsa. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: mita, filaya, sukuddireba, dalma da ƙarfen narka ta, salatif, da guntayen wayoyi kala-kala. Babban jarinsa kunnensa ne.

Me ke kashe sifika?

Motocin hayar wannan yanki kusan duk na hannu ne. Akwai Golf da Sharan 'yan Kwatano, akwai Corolla 'yan Amurka, ga kuma tsofaffin Fijo, waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, a 1991 aka fara ƙera ta, aka daina kafin shekarar 2000. Ke nan sifikar da ke cikin ƙofarta ta girmi wasu daga cikin direbobin da ke tuƙa ta.

Ginin sifika ba shi da wuyar ganewa, kuma bai sauya sosai ba tun 1925 da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da tsarinsa. Akwai maganaɗisu a baya, akwai kwayil na siririyar waya da ke shawagi a tsakiyarsa, sannan akwai takarda mai siffar mazurari da ke manne da kwayil ɗin. Wuta na shiga, kwayil ya motsa gaba da baya, takarda ta tura iska, kunne ya ji sauti. Bakin takardar kuma an kewaye shi da soso ko roba mai laushi, don ta motsa ba tare da ta karkace ba.

Wannan soson ne ke fara mutuwa. Zafin Maris da Afrilu yana gasa shi a cikin ƙofar ƙarfe har ya riƙa marmashewa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin kwayil da maganaɗisu ta riƙa gurza. Damina na zuwa, ruwa ya bi gilashi ya gangara cikin ƙofa ya jiƙa takardar. Dama kamfanonin mota ba su cika zuba kuɗi a sifikar ƙananan motoci ba: takarda ce marar kauri da ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka haɗa wannan da shekara talatin da kuma gargadar hanya, abin mamakin shi ne a ce har yanzu tana fitar da wani abu.

Bincike kafin saye

A nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Mai mota zai zo da maganarsa a shirye: "Oga, a sa mini manya, masu duka." Ɗan koyo sai ya hau kwance ƙofa. Gwani kuwa zai ce, "To Alhaji, bari mu fara jin abin da ke ciki tukuna." Ya shiga mota ya kunna rediyo, ya kai sautin hagu, ya dawo da shi dama, ya tura gaba, ya mayar baya, yana kasa kunne ga kowace ƙofa ita kaɗai. Sau da yawa sai a tarar sifika ɗaya ce ta mutu, ko kuwa waya ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwashewa kullum aka buɗe aka rufe. Wannan gyaran ɗigon dalma ne, ba sai an je kasuwa ba.

Idan ya ciro sifikar, sai ya ɗora yatsu a kan takardar ya danna a hankali. In ya ji tana gurza, kwayil ya ƙone ko ya goce. Ya ɗora mita, in lafiyayya ce za ta nuna kusan om 4, wanda shi ne ma'aunin yawancin sifikun mota. Sannan ya ɗauko ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya taɓa wa bakin wayoyin biyu. Takardar za ta yi ɗan tsalle. In waje ta yi, to wayar da ke taɓa ɓangaren fozitif na batirin ita ce fozitif. Wannan ɗan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka juya wayar ƙofa ɗaya, sifikar hagu na turawa ta dama na ja, sai su cinye kaurin sautin juna. Motoci da dama da ake cewa ba su da duka, wannan ne kawai ciwonsu.

Inda ya kamata kuɗi su fara zuwa

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a wata na gaba, duk kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabi. Direban da ke lissafin kuɗin mai da balas ɗin mai mota ba shi da rarar da zai zubar. Don haka shawarar mai sana'a ta fi ƙarfin sukuddirebarsa daraja.

Mai gaskiya zai ce a fara da sifikun gaba guda biyu. A gaba direba yake, daga nan ne murya ke isa kunnensa. Mutane da yawa suna kwashe kuɗinsu su sayi manyan nan masu siffar ƙwai, 'yan inci 6 da 9, su dasa a baya, sai fasinjan kujerar ƙarshe ya riƙa toshe kunne alhali direba na ƙara murɗa sauti. Sifikar ƙofa mai inci 6 da rabi, ko 5 da kwata gwargwadon ramin motar, wadda ke da 'yar ƙaramar tuwita a tsakiya, ta isa ta sauya motar gaba ɗaya. Tuwitar ce ke fito da kaifin harafi, a rarrabe "sa" da "tsa", a ji ƙarshen kalma.

Wannan ya dace da abin da mutanenmu ke saurare. Rediyon Najeriya Kaduna da ta fara aiki a 1962, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da tashoshin FM na Kano da Kaduna da Zariya, mafi yawan shirye-shiryensu magana ce. Karatun Alƙur'ani da wa'azi murya ce. Ko waƙar ma, wanda ya kunna Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Aminu Ala kalmomin yake bi, kalangu da kotso rakiya suke yi. Akwatin wufa, wato ƙatuwar sifikar duka, da ke cinye rabin but ba ya ƙara wa irin wannan sauraro komai, sai ma ya danne shi, ga shi kuma ya tare wurin buhun da za a biya wa kuɗin mota.

Bayan sifika sai rediyon kanta. Idan ta asali tana aiki, ba dole a cire ta ba. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta karɓi memori ko Bluetooth daga waya ta aika wa rediyon ta zangon FM. Tana da araha, ko da yake sautinta bai kai na haɗin waya tsabta ba. Masu motocin Amurka kuma sukan yi kukan wata tasha ba ta kamuwa sosai. Dalili shi ne rediyon can tana tsalle ne a kan lambobin mara, 99.3 zuwa 99.5 zuwa 99.7, ba ta tsayawa a kan na cika. Wanda ya san aikinsa zai gane wannan, ba zai sa a sayi sabuwar eriya a banza ba. Amfilifaya kuwa, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ita ce ta ƙarshe a layi, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya haƙura da ita har abada bai rasa komai ba.

Kasuwa da lambobin ƙarya

Kayan aikin daga Sabon Garin Zariya ake samo su, ko a wuce Kano, Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, ko a gangara Panteka ta Kaduna. Sababbi mafi yawa ta kasuwar Alaba ta Legas suke biyowa, na hannu kuma daga motocin da aka farfasa. Sunayen da aka sani su ne Pioneer da Sony da Kenwood da JVC, kuma saboda an san su ne jabunsu ya yi yawa.

Kwalin sifika zai zo da rubutu ɓaro-ɓaro: wat 500, wat 1000. Wannan lambar talla ce. Abin dubawa shi ne lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka a kai a kai. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau 4 ma, abin da take bayarwa na haƙiƙa kusan wat 20 ne ga kowace sifika, ko ƙasa da haka. Saboda haka sifika mai nauyin gaske da aka yi domin amfilifaya ba za ta yi abin kirki a kan rediyo zalla ba. Wadda ta fi dacewa ita ce mai saurin amsawa, kuma ana rubuta wannan da desibel. Mai lamba 91 tana ba da sautin mai lamba 88 da rabin wutar da waccan ke ci. Mai sana'ar da ya fahimci wannan yakan gwammace ya ɗauko tsohuwar sifika ta asali mai lafiyayyen baki, a gwada ta a gabansa, da ya sayi sabuwa mai ƙyalli wadda aka lulluɓe ɗan ƙaramin maganaɗisunta da ƙatuwar roba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar inganci ba ce.

Ɗauri da haɗin waya

Rabin sauti a wurin ɗauri yake. Idan aka bar rata tsakanin sifika da ƙarfen ƙofa, iskar baya tana zagayowa ta kashe ta gaba. Gwani yakan yanka zoben katako daidai ramin, ya shafa masa fenti don kada ruwa ya ci shi, ya sa siririn soso a tsakani, ya ɗaure da kusoshi huɗu cif. Kafin ya mayar da murfin ƙofa sai ya sauke gilashi har ƙasa, ya tabbatar bai bugi maganaɗisu ba. Ledar da ya tarar manne a jikin ƙofa kuma ba ya yar da ita, domin ita ke tare ruwa da ƙura.

A haɗin waya ne ganganci ke jawo asara. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya jure zafi da girgiza, dalma ce ke riƙewa. Haɗa sifika biyu a baki ɗaya yana mayar da om 4 ya koma 2, rediyo ta yi zafi ta ƙone. A bayan rediyo akwai waya ruwan ɗorawa mai wuta kullum, da ja mai wuta sai an murɗa makulli. Wanda ya haɗe su wuri guda a kan wutar kullum, to ya shirya tura mota da asuba. Mafi haɗari duka shi ne a ja waya daga batir zuwa amfilifaya ba tare da fis a kusa da batirin ba. Ranar da ƙarfe ya ci rigar wayar, babu abin da zai tsayar da wutar. Motar haya jarin gida ce, wani lokaci ma ta bashi ce, bai kamata a yi caca da ita don gudun kuɗin fis ba.

Koyo da ci

Kamar sauran sana'o'in gareji, uba ne ke kai yaro wurin maigida. Ya fara da miƙo filaya da kwance murfin ƙofa ba tare da ya karya maƙalansa ba, ya koyi launin waya, ya koyi karanta mita, har a kai ga barinsa da mota shi kaɗai kafin a yaye shi. Kasuwar tana bin aljihun manoma. Da kaka, da lokacin da rake da mazarƙwailar Makarfi da tumatirin Kudan da Ikara ke fita, aiki yana yawa, haka ma gab da sallah. Lokacin siyasa kuma ga masu ɗora lasifika a kan mota, ga masu tallar magani da ke bin kasuwannin ƙauye duk shekara. Wanda ya iya wannan aikin bai rasa na gyaran lasifikar masallaci da na haɗa sola, tunda wutar batir duk hanyarta ɗaya.

Akwai kuma haƙƙin da ke wuyan mai sana'a da mai mota baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren sauti mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma da zarar an ɗara haka lokacin yana raguwa da sauri. Direban haya a cikin mota yake wuni. Jin da ya tafi ba ya dawowa, kuma direban da sauti ya hana shi jin odar tirela a bayansa ya saka rayukan fasinja a hatsari. Sifika mai tsabta tana rage wannan, domin wanda ke jin kowace kalma a ƙaramin sauti ba shi da dalilin ƙurewa.

Don haka mai mota a Malikanchi ko Paki ko Hunkuyi, idan ya tashi gyara, ya nemi wanda zai saurari motar kafin ya faɗi farashi, wanda zai nuna masa abin da ya mutu, ya kuma hana shi sayen abin da ba ya buƙata. Idan ya same shi, ya biya shi kuɗin aikinsa ba tare da ja-in-ja ba. Irin wannan mai sana'a ya rage wa kansa ciniki ne don ya tsare wa wani aljihu da mota, kuma in ana so yaran da ke tsugune a rumfarsa su taso da wannan hali, sai sun ga cewa gaskiya tana ciyar da maigidansu.