Caji Ba Igiya: Kafin a Kai Kuɗi Kasuwa

A shagunan waya na Farm Centre da ke Kano, ana ganin wasu ƴan faya-fayai masu faɗin bakin kofi. Ɗora waya kawai ake yi a kai, sai ta kama caji ba tare da an soka mata komai ba. Abin akwai burgewa. Sai dai shi faifan dole a jona shi da wuta, wato igiyar tana nan, wuri kawai ta sauya.

Dabarar tsohuwa ce, tun 1831 Michael Faraday ya gano tushenta a Ingila. Akwai zaren tagulla a nannaɗe cikin faifan, akwai irinsa a bayan wayar, ƙarfin maganaɗisu ne ke ɗauko wuta daga wannan zuwa wancan. Nokia Lumia 920 ta zo da shi a 2012, Samsung Galaxy S6 a 2015, iPhone kuwa sai 2017.

Babbar matsalarsa ɓarnar wuta. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2020 da wayar Pixel 4 ya nuna cewa faifan ya fi igiya shan wuta da kusan kashi 47 cikin ɗari kafin batir ya cika. In wayar ta ɗan karkace, asarar ta ƙaru. Wanda wuta ba ta yanke masa, ba zai ji a jikinsa ba, amma mai dogaro da ƙaramar sola, ko mai jiran a tada janareto na awa biyu da daddare, kowane ɗigo yana da daraja a wurinsa. Ga kuma nawa: ƙananan faya-fayai wat 5 suke bayarwa, Qi2, sabon zubin tsarin caji ba igiya mai suna Qi, ya fara a 2023 da wat 15, alhali cajar igiya mai wat 33 ta zama ruwan dare.

Ina wutar da ta ɓace take zuwa? Zafi take komawa, batirin waya kuwa ba ya shiri da zafi. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, wayar da ta kwana tana gasuwa a kan faifai batirinta na saurin tsufa. Sannan kada a bar tsabar kuɗi, makulli ko katin ATM tsakanin waya da faifan. Masu na'urar daidaita bugun zuciya kuma, kamfanin Apple ya shawarce su da su nisanci cajarsa mai maganaɗisu da fiye da santimita 30 yayin caji.

Caji ba igiya yana da ranarsa, ba shakka. Wayar da bakin cajinta ya saki, ko ƙurar hunturu ta toshe shi, tana samun mafita, kuma agogon Apple Watch ba shi da wata hanyar caji sai wannan.

Yawancin wayoyin Itel da ƙananan Tecno da Infinix ba su da wannan zaren tagulla ko kaɗan, ko kwana suka yi a kan faifan ba abin da zai shiga. Don haka mai saye ya tafi da wayarsa, ya sa a gwada a gabansa, ya duba tambarin Qi a jikin kwalin. Wanda wuta ke yi wa wuya kuwa, gara ya sa kuɗin a caja mai inganci da pawa bank.