Kunnen Jariri Yakan Riga Bakinsa Koyon Magana

Sau da yawa akan ji iyaye suna cewa jariri bai san kome ba, in ban da shan nono da barci da kuka. Amma binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba. A cikin shekarar farko girman ƙwaƙwalwar yaro yakan ninka, kuma a lokacin nan ne kunnensa yake tantance harshen da zai tashi da shi.

A shekarar 1984 waɗansu masana biyu a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa jariran da ake yin Turanci a gidajensu. Sun jiyar da su sautuka biyu na harshen Hindi na ƙasar Indiya, waɗanda Bature baligi yake jinsu kamar abu guda. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suka rarrabe su sarai, amma yawancin 'yan wata 10 zuwa 12 suka kasa. Wato kafin yaro ya cika shekara, kunnensa ya riga ya kama sautukan da yake ji kullum, ya saki sauran. Abin da ya sa ke nan baƙon da ya koyi Hausa da girmansa yakan sha wuya tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari.

To, daga ina jariri yake ɗaukar wannan darasi? A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington a Amurka suka sa mutane su zauna da jarirai 'yan wata 9, suna yi musu wasa da Sinanci, har zama 12. Jariran suka iya rarrabe sautukan Sinanci. Waɗanda kuwa aka jiyar da su ta talabijin ko faifai ba su ƙaru da kome ba.

Saboda haka ma'aikacin da ya dawo daga ofis, da uwa, da mai reno, bai kamata su bar jariri da akwatin talabijin ko wayar hannu ba. Su dube shi, su yi masa magana, in ya yi gwaranci su amsa masa. Idan kuma aka ga ya kai wata 6 ba ya waiwayar murya, sai a hanzarta kai shi asibiti a duba kunnensa. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.