Idan Ka Bar Gida Uba Ya Ƙi Ba Da Haɗin Kai

A Madarunfa ba baƙon abu ba ne saurayi ɗan shekara 17 ya koma gidan kawu a Maraɗi, ko yarinya ta zauna wajen kakarta a Gabi, uba kuwa ya ce ba ruwansa. Barin gida dai bai mai da mutum babba a idon doka. A Nijar ɗan shekara 18 zai jefa ƙuri'a, kuma a hukunta shi kamar babba, amma cikakken ikon kansa a dokar zaman jama'a sai ya kai 21, in ba ya yi aure ba. Haka kuma fushin uba bai sauke masa nauyin ci da sha da suturar ɗansa ba.

Inda rigimar ta fi ciwo shi ne takardar haihuwa. Uba ya kulle ta cikin akwati, ga rajistar jarrabawar BEPC ta matso, ga jandarma na tambayar katin ɗan ƙasa a hanyar Ɗan Isa. Yawancin yara nan suke karaya, alhali asalin takardar na cikin kundin ofishin magajin garin da aka rubuta haihuwar, kuma ana fitar da wata daga can. Wanda ba a rubuta shi ba cikin kwana 60 da dokar 2019 ta tanada, sai ya je kotun Madarunfa da shaidu waɗanda suka san haihuwarsa, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadinta. Kawu ko gwaggo ma shaida ne.

Ni dai shawarata a fara da mai gari ko sarki, domin sasanci hurumin sarakuna ne, kuma dattijon da zai yi taurin kai gaban alƙali yakan sauko gaban sarki. Kotun kanta kan duba al'ada a maganar iyali.

Amma in akwai duka, yunwa ko auren dole, ba a jira sasanci. Dokar 2014 ta ba alƙalin yara ikon damƙa yaron da ke cikin haɗari ga wani dangi amintacce ko da uba bai so. Rashin kuɗin lauya kuma ba hujja ba ce: hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa, tana taimaka wa yara da marasa hali kyauta.