Amsoshin Takardunku: Me Ya Sa Gishiri Daga Arewa, Goro Daga Kudu?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga yankin Ɗambatta, ya aiko da takarda yana cewa: "Don Allah ku bayyana mini dalilin da ya sa tun kaka da kakanni gishiri da kanwa daga arewa suke zuwa, goro da manja kuma daga kudu. Sannan me ya sa manyan garuruwan kasuwa irin su Kano da Tambutu suka kafu a inda suke?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, yanayin ƙasa ne ya tsara haka. Ga yadda abin yake.

Nahiyar Afirka tana da faɗin murabba'in kilomita wajen miliyan 30. Idan ka dubi yammacinta a taswira, za ka ga ƙasar ta kasu jeri-jeri kamar kunyoyin gona, kowace kunya ta miƙe daga gabas zuwa yamma. Can arewa akwai hamadar Sahara, mai faɗin murabba'in kilomita wajen miliyan 9. Sai Sahel, ƙasar ƙaya da kiwo. Sai ƙasar gero da dawa, watau inda kake zaune. Sai ƙasar doya, sannan kurmi har bakin teku.

Ruwan sama ne ya raba su. Iskar damina daga teku take tasowa, tana tafiya arewa tana zubar da ruwanta, kafin ta kai hamada ta tsiyaye. Alal misali, a Kalaba ana samun ruwa kusan milimita 3,000 a shekara, a Kano wajen 800 zuwa 900, a Agadas da ƙyar ya wuce 150, a Bilma kuwa bai kai ko 20 ba.

To ka ga mutumin Kano da na Barno da na Sagu ta ƙasar Mali duk kunya ɗaya suke, kusan abu ɗaya suke nomawa. Wanda yake da abin da ba ka da shi, yana arewa da kai ne ko kudu. Shi ya sa akasarin manyan hanyoyin fatauci suka miƙe tsakanin arewa da kudu.

Ɗauki gishiri. A Bilma da Fashi ruwan ƙasa mai gishiri ne, rana kuma tana busar da shi, sai a kwashe a yi kantu. Amma gero ba ya yi a can. Saboda haka bayan kaka Buzaye kan haɗa ayarin raƙuma daga wajen Agadas, su ƙetare rairayin Tenere, tafiyar kilomita wajen 600, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa. Goro kuwa itacensa inuwa yake so da ruwa mai yawa, sai kurmi. Don haka fatake suka riƙa yin watanni a hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yanzu, su komo da goron Asante. Har gobe unguwannin baƙi a Kumasi da Ankara sunansu zango.

Yanzu sai maganar garuruwa. A nan, malam, dabbar ɗaukar kaya ita ce sirrin. Raƙumi gwanin hamada ne, amma in ya nausa kudu cikin danshi sai ya lalace. Jaki da takarkari sun fi shi nisa, su ma suna da iyaka, domin a duhuwar kudu akwai ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore, ya sa wa mutum ciwon barci. Cikin kurmi kuwa sai dai 'yan dako su ɗauka a ka. Duk inda ya zama dole a sauke kaya daga wannan a ɗora wa wancan, nan ake samun fatoma da dillali da mai abinci da malami. Kafin ka ankara zango ya zama gari.

Haka Tambutu ta kafu. Kogin Kwara, mai tsawon kilomita wajen 4,180, daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, kusa da teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada, sannan ya lanƙwaso kudu ta Gao da Yamai da Yawuri. A kan wannan lanƙwasa Tambutu take, inda raƙuman da suka ɗauko gishirin Taudeni ke miƙa wa jiragen ruwa kaya. Salaga ita ma kusa da bakin kurmi take, inda tafiyar jakai ke ƙarewa.

Kano ta samu tagomashi biyu. Tana tsakanin masu raƙuma da masu goro, ga kuma albarkar kanta: ƙasa mai karɓar shuka, rijiya ba ta nisa, ga tama a wajen Dutsen Dala, ga auduga da baba na rini. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Wataƙila ka ce, to me ya hana a bi koguna a fita teku tun da can? Dalili shi ne Afirka kamar akushi take a kife, tsakiyarta tudu, gefenta gangare. Koguna da yawa kan duwatsu suke rikitowa kafin su kai teku. Kogin Kwango ba ya biyuwa da jirgi tsakanin Kinshasa da Matadi, sai da aka shimfiɗa dogo a 1898. A Kwara ma akwai duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, waɗanda tafkin Kainji ya shanye yanzu. Shi ya sa ƙasar Hausa ta daɗe tana fuskantar hamada, har sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu suka koma bin hanyar Ikko.

Game da zaman jama'a kuma, ruwa shi ne gaba. A Masar, mutum 95 cikin 100 a gefen Kogin Nilu suke zaune, saura duk hamada. Tafkin Chadi yana da faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a shekarun 1960. Da farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, sai masunta da manoma suka bi ruwan, suka kafa sababbin ƙauyuka a inda da can jirgi ke yawo. Tudu ma yana da tasa rawar: sanyin tsaunin Jos ne ya sa dankalin turawa ke yi a can.

A yau mota ta karɓe yawancin aikin raƙumi da jaki, amma dubi lodin da take yi. Shanu da wake da albasa suna gangarawa kudu, goro da manja da garin rogo suna hawowa arewa. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Nijeriya da Nijar, wajen kilomita 1,500, a gicciye ta yanka waɗannan tsofaffin hanyoyi. Shi ya sa kasuwanni irin su Jibiya da Illela da Maigatari suke ci a bakinta, shi ya sa kuma duk ran da aka rufe ta, mai hatsi da mai dabba na ɓangarorin biyu ne ke fara ji a jikinsu.

Da fatan malam ya gamsu. Sai mun ga takardunku na gaba.