Ɗigon jini daga kunnen kyanwa: yadda ake awon suga a gida

Idan kyanwarka ta koma zama a bakin randa, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ga ci, amma kullum sai ramewa take yi, kada ka yi saurin ɗora wa zafin Sahara laifi. Haka tamu ta yi a gidanmu da ke In Ekker. Muka yi ta cewa ai zafi ne, har sai da muka kai ta wurin likitan dabbobi a Tamanrasat, ya ce ciwon suga ne.

Na san wani zai yi dariya. To, kyanwa ma tana kamuwa, musamman mai ƙiba ko wadda ta manyanta, kuma yawanci allurar insulin ake yi mata safe da yamma. Matsalar ita ce tsakaninmu da Tamanrasat kusan kilomita 150 ne. Wa zai riƙa wannan tafiya duk mako? Bayan haka, tsoro kaɗai yana ɗaga sugan kyanwa, don haka awon da aka yi mata bayan doguwar tafiya a mota yana iya yaudara. Na gida ya fi faɗin gaskiya.

Abin ba wuya. Ka murza kunnenta da tsumma mai ɗumi har jini ya taru, ka ɗan soki gefen kunnen da ƙaramar allurar awo, ka taɓa ɗigon da tsinken na'ura, sannan ka danne wurin da auduga. Na'urar mutane tana aiki, sai dai takan nuna ƙasa da ainihin sugan kyanwa, shi ya sa ya kamata likita ya san irin wadda kake amfani da ita.

Lafiyayyar kyanwa suganta yakan tsaya tsakanin 80 da 120, wato 0.80 zuwa 1.20 a lissafin giram da aka saba da shi a nan Aljeriya. Hawansa yana cutarwa a hankali, faɗuwarsa kuwa tana kisa nan take. Idan ya sauka ƙasa da 60, ko ka ga tana tangaɗi, jikinta na rawa, ka shafa mata zuma a dasashi, kada ka ɗura mata komai, kuma ka kira likita. Mu ma ya taɓa faruwa da mu: wata safiya ta ƙi cin abinci, na auna kafin allura, na ga 58. Da na yi mata allurar nan a makance, Allah kaɗai ya san ƙarshen labarin.

Lokaci-lokaci likita kan buƙaci a auna duk bayan awa 2 har tsawon awa 12, don a ga inda sugan ya fi sauka. Ni littafin ɗalibai na ware, ina rubuta lokaci da lamba da abin da ta ci, in ɗauki hoto in tura masa ta WhatsApp. Shi ne mai ƙara allura ko rage ta. Wannan rubutu yana da muhimmanci, domin wasu kyanwoyin sukan samu sauƙi har a daina yi musu allura, kuma lambobin ne ke fara nuna hakan.

Sai maganar zafi. Insulin a firiji yake zama, amma kada ya daskare. Tsinken awo kuma zafin da ya wuce digiri 30 yana iya lalata shi, don haka a rufe kwalbarsa a ajiye a inuwa.

Masu cewa wannan wahala ta yi yawa a kan mage, su tuna hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wadda ka ajiye a gidanka amana ce, awon kuma bai wuce minti 2 ba.