Chamonix: garin da ke rayuwa da ƙanƙara, ƙanƙarar kuma tana narkewa

A gindin Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a yammacin Turai, akwai wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa mai suna Chamonix, wanda ake furtawa "Shamoni". Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu 10 ba, amma da lokacin hutu ya zo baƙi kan ninka su sau da yawa. Garin yana jihar Haute-Savoie, kan iyaka da Italiya da Suwizalan, a tsawon mita 1,035 daga doron teku. Abin da ke kawo jama'a shi ne ƙanƙarar da ta daskare a kan duwatsunsa tun shekaru aru-aru. Yau wannan ƙanƙara tana ja da baya, kuma duk wanda ya je yawon buɗe ido zai gani da idonsa.

Awon da aka yi a 2023 ya nuna tsawon Mont Blanc ya kusa mita 4,806. Adadin yakan ɗan sauya, domin ƙwanƙolin dutsen tulin ƙanƙara ne da iska da dusa ke ƙara wa ko ragewa. Idan aka gwada shi da Idoukal-n-Taghès na tsaunin Bagzam, wuri mafi tsawo a Nijar mai mita 2,022, Mont Blanc ya ninka shi har da ɗoriya.

Yadda ƙauyen makiyaya ya zama mahaɗar duniya

Ƙarnuka da dama kwarin Chamonix wurin manoma ne da makiyaya, waɗanda ke tsoron duwatsun da suka kewaye su. Al'amura sun fara sauyawa a 1741, lokacin da wasu Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka ziyarci kwarin, labarin abin da suka gani ya bazu a Turai. A 1760 wani masanin kimiyya ɗan Geneva, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya samo hanyar hawa ƙololuwar Mont Blanc. Sai bayan shekara 26, ranar 8 ga Agustan 1786, ƴan garin biyu suka kai: likita Michel-Gabriel Paccard da Jacques Balmat, mai neman duwatsu masu daraja. A 1808 Marie Paradis ta zama mace ta farko da ta taka ƙololuwar.

Daga nan rakiyar baƙi ta zama sana'a. A 1821 aka kafa ƙungiyar ƴan jagora ta Chamonix, wadda har yanzu tana aiki. A 1924 garin ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu na farko a tarihi. A 1965 kuma aka buɗe hanyar mota mai kilomita 11.6 da aka huda ta cikin dutsen, wadda ke fitowa a Courmayeur na Italiya.

Abin da baƙo zai gani ba tare da igiya ko jagora ba

Wurin da aka fi rububi shi ne Aiguille du Midi, wani tsinin dutse mai mita 3,842. Ana hawansa da teleferik, wato ɗakin ƙarfe da ke rataye a jikin igiyar waya, wanda aka buɗe a 1955. Cikin kusan minti 20 mutum zai tashi daga tsakiyar gari zuwa inda dusar ƙanƙara ke kwance rani da damina. Tun 2013 akwai wani akwatin gilashi a can sama, inda ake tsayawa a ɗauki hoto, rami mai zurfin kusan mita 1,000 na ƙarƙashin ƙafa. Tikitin zuwa da dawowa na babba ya haura euro 70, wato sama da jaka 45 na kuɗin sefa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ko wanda ya fi son tattaki, ba zai rasa abin yi ba. Hanyoyin ƙafa kyauta ne, kuma an kafa musu alamomi. Daga La Flégère, tafiyar kusan awa biyu ke kai mutum tafkin Lac Blanc mai tsawon mita 2,352, inda ake hango jerin duwatsun gaba ɗaya. Masu dogon numfashi kan yi zagayen Mont Blanc, hanya mai kusan kilomita 170 da ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, wadda yawancin mutane ke gamawa cikin kwana bakwai zuwa goma sha ɗaya. A kan wannan hanya ake gasar gudun UTMB a ƙarshen watan Agusta tun 2003, zakarun kuma kan gama ta cikin kusan awa 20. Akwai masu tashi sama da laima daga Planpraz, akwai masu hawan keke, da hunturu kuma fagen na masu wasan zamiya a kan dusa ne.

Matakalar da ke ba da labari

Inda aka fi ganin sauyin yanayi ƙarara shi ne Mer de Glace, ma'ana "tekun ƙanƙara", kogin daskararriyar ƙanƙara mafi girma a Faransa. Irin wannan kogi yana samuwa ne idan dusa ta taru shekara bayan shekara a kan tudu, ta danne kanta ta zama ƙanƙara mai tauri, sannan nauyinta ya riƙa jan ta ƙasa a hankali. Muddin abin da ke taruwa a sama ya kai abin da ke narkewa a ƙasa, kogin yana nan daram. Idan zafi ya rinjaya, sai ya fara ramewa.

Wani jan jirgin ƙasa da ke aiki tun 1909 ne ke kai baƙi tashar Montenvers, mai tsawon mita 1,913. A wancan zamani ƙanƙarar na dab da tashar. A ƙarshen shekarun 1980 an kafa ƙaramin teleferik don sauka wurinta, mutum ya fito ya taka ƴan matakala kaɗan ya iso. Kowace shekara sai an ƙara matakala, har suka haura 500. A jikin dutsen an manna alluna masu ɗauke da shekaru, kowane allo na nuna inda ƙanƙarar take a lokacin. A farkon 2024 dole aka buɗe sabon teleferik da ke sauka can gaba, inda ƙanƙarar ta fi kauri. Tun tsakiyar ƙarni na 19 kogin ya ja da baya da fiye da kilomita biyu. Ruwan da ke narkewa yana gangarawa kogin Arve, wanda ke haɗuwa da kogin Rhône a Geneva, don haka batun ya shafi garuruwa da gonakin da ke nesa da kwarin.

Wani kogin ƙanƙarar, Bossons, yana ta amayo abin da ya haɗiye. Jiragen saman Air India biyu sun faɗi a Mont Blanc, ɗaya a 1950, ɗaya a 1966. A 2013 wani mai hawan dutse ya tsinci akwatin duwatsu masu daraja a wurin, ya miƙa wa jandarmomi. Da ba a samu magada ba, a 2021 aka raba dukiyar tsakaninsa da hukumar garin.

Dutsen da ba ya yafe ganganci

Narkewar ta ƙara haɗari. Ƙanƙarar da ke cikin tsagar duwatsu ita ce simintin da ke riƙe su, idan ta saki sai su zubo. A 2005 wani babban ɓangare na tsinin Drus ya rufta. A bazarar 2022, zafi da ruwan duwatsu suka sa ƴan jagora dakatar da kai mutane ta hanyar Goûter, wadda aka fi bi zuwa ƙololuwa. Magajin garin Saint-Gervais mai maƙwabtaka, Jean-Marc Peillex, ya rufe masaukan hanyar na wani lokaci, har ya yi barazanar karɓar ajiyar euro dubu 15 daga masu taurin kai, kuɗin ceto da na jana'iza. Tun 2019 ba a bin wannan hanya sai da shaidar kama wurin kwana a masaukin kan dutse.

Garin ya san darajar aikin ceto ta hanya mai ɗaci. A Disamban 1956 wasu samari biyu, Jean Vincendon da François Henry, suka maƙale a kan dutsen. Kwanaki ana hango su da madubin hangen nesa daga gari, helikwaftan da aka tura ya faɗi, daga bisani suka rasu. Abin da ya biyo baya shi ne kafa rundunar jandarmomin ceto ta kan duwatsu a 1958.

Ga ƴan Nijar mazauna Turai

Ɗalibai da ma'aikatan da ke Lyon, Grenoble, Geneva ko Turin na iya zuwa su koma a ƙarshen mako. Daga filin jirgin Geneva tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mai zuwa ta jirgin ƙasa zai sauya a Saint-Gervais-Le Fayet ya shiga Mont-Blanc Express. Ƙasashen uku suna cikin yankin Schengen, amma ana binciken takardu a kan iyaka, don haka fasfo da katin zama su kasance a jiki.

Akwai abin da ya kamata a riƙe. Sanyin Aiguille du Midi kan ɗara na gari da kusan digiri 18, ko da a watan Yuli. Hasken rana a kan dusa yana ƙona ido, baƙin tabarau wajibi ne. Iskar can sama ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ke jawo ciwon kai da jiri. Masu cutar sikila, wadda ta yawaita a yankin Sahel, su nemi shawarar likita tukuna, domin ƙarancin iska na iya tayar da ciwon. A gidajen abinci kuma a yi tambaya: tartiflette na ɗauke da naman alade, fondue kuma ana dafa ta da giya.

Lokacin tattaki yana farawa daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba. Kafin fita a duba hasashen yanayi, a faɗa wa wani hanyar da za a bi, kuma kada a taka kogin ƙanƙara sai da jagora mai takarda, saboda ramukan da dusa ke rufewa. Lambar neman agaji a ƙasashen uku ita ce 112.